Zaɓen Makarantar Karatun Aji ga Mai Neman Lasisin Tuƙin Jirgi Mai Saukar Ungulu

Duk wanda ya taɓa ganin jirgi mai saukar ungulu ya tsaya cik a sararin samaniya, ba ya gaba ba ya baya, sa'an nan ya sauko sannu a hankali har ya dira a ɗan fili ƙanƙane inda jirgi mai fukafukai ba shi da halin sauka, abin da zai fara ɗarsuwa a ransa shi ne wannan sana'a ta hannu ce zalla, wanda hannunsa ya faɗa shi ke nan ya zama gwani. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan zato, domin matuƙin irin wannan jirgi hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu duk a bakin aiki suke tun daga tashi har sauka. Amma zancen bai ƙare a nan ba, saboda babu hukumar da za ta danƙa wa mutum lasisin sana'a, wato wanda ke halatta masa ya ɗauki mutane ko kaya a biya shi lada, face sai ya duƙufa a kan fannoni masu yawa, ya kuma ci jarrabawarsu a rubuce. Wannan karatun aji, wanda ake yinsa ƙafa tana ƙasa, shi ne samari da 'yan mata masu sha'awar sana'ar, da iyayensu masu biyan kuɗin, suka fi yi wa riƙon sakainar kashi wajen zaɓe. Dalilin kuwa a fili yake: kuɗin sa'o'in tuƙi ya ninka na aji sau da yawa, saboda haka hankalin mai biya kan tafi ga jirgin da za a hau, ya manta da malamin da zai zauna gabansa wata da watanni.

Mas'ala ta farko, wadda in an kuskure ta sauran duk sun ɓaci, ita ce sanin hukumar da za ta ba da lasisin. Asalin tsarin tuƙin jiragen farar hula a duniya ya samo tushe ne daga yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a birnin Shikago na Amurka a 1944, wadda ta haifar da ƙungiyar ICAO mai mazauni a Montiriyal ta Kanada. Ita ce ta gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗan lasisin sana'a na helikwafta: shekara 18 da haihuwa, da takardar shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, da awa 150 na tuƙi, ko awa 100 ga wanda ya bi cikakken tsarin makarantar da aka amince da ita, da kuma sanin fannonin da aka ayyana. To, amma ita kanta ƙungiyar ba ta ba kowa lasisi. Kowace ƙasa hukumarta ce ke bayarwa, tana kuma da ikon ƙara sharuɗɗa a kan waɗancan yadda ta ga ya dace: a Nijeriya NCAA ce, a Nijar ANAC, a Amurka FAA, ƙasashen Tarayyar Turai kuwa suna bin ƙa'idojin EASA mai mazauni a birnin Kolon na Jamus. Mutanenmu sun san irin wannan tun daga zaure, inda ɗalibin da ya sauke littafi ba a wadatuwa da faɗarsa cewa ya iya, sai an tambaye shi a wurin wa ya karanta, wa ya ba shi ijaza, sanadin nan kuma ina ya tuƙe. Makarantar da ba ta riƙe da izinin hukumar da ɗalibi ke neman lasisinta, kome kyawun gininta da fasahar malamanta, karatunta a tsarin Turai da masu kama da shi ba ya kai mutum ko ƙofar ɗakin jarrabawa, domin sai da shaidar makaranta mai izini ake barin ɗalibi ya zauna.

Ga misali wanda ya isa ya sa mutum ya yi hattara. Tun daga ranar 1 ga Janairu 2021 Birtaniya ta fita daga tsarin EASA, don haka jarrabawar da aka ci yau a ƙarƙashin hukumar Birtaniya ba ta kai mutum ga lasisin Tarayyar Turai, ko da yake littattafan da fannonin kusan iri ɗaya ne. Akwai makarantun Ingila da suka nemi izinin ɓangarorin biyu suka samu, akwai waɗanda ɗaya kaɗai suke da shi, kuma wajibi ne ɗalibi ya tantance wanne ne wanne kafin ya biya ko sisin kwabo. Hanyar tahƙiƙi ba ta da wuya: a nemi makaranta ta nuna takardar izininta da lambarta, a duba ko izinin ya ambaci helikwafta ƙarara, sa'an nan a je ga jerin sunayen da ita hukumar ta wallafa da kanta a gani ko sunan yana ciki har yanzu. Wanda kuma ya yi niyyar komowa gida ya yi aiki, musamman a kamfanonin da ke jigilar ma'aikatan man fetur daga Legas da Fatakwal da Warri zuwa rijiyoyin da ke cikin teku, irin su Bristow da Caverton, ya sani lasisin waje ba ya aiki a jirgi mai rajistar Nijeriya sai NCAA ta inganta shi ko ta musanya shi da nata, bayan cika abin da ta gindaya, ciki har da sanin dokokin sama na ƙasar. Kamata ya yi a tambayi hukumar wannan tun kafin a nemi biza. A cikin gida kuwa, Kwalejin koyon harkokin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964 ta yi suna ne galibi a kan jirage masu fukafukai da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar sama, akwai kuma makarantar helikwafta a Enugu mai alaƙa da rundunar sojan sama. Da yawa daga cikin masu neman wannan fanni Afirka ta Kudu suke nufa, ko Amurka, ko Turai.

Tsarin Amurka da na Turai sun sha bamban ƙwarai wajen yadda suke auna ilmi, kuma bambancin yana da tasiri a kan irin makarantar da mutum yake bukata. A Amurka takarda ɗaya ce ga mai neman lasisin sana'a, tambaya 100, ana cin ta da kashi 70 cikin 100, sakamakonta yana aiki har wata 24, kuma doka ta yarda mutum ya yi karatun a gida muddin malami mai izini ya sa masa hannu cewa ya shirya. Kada wannan sauƙi ya ruɗi kowa, domin nauyin an ajiye shi ne a wani wuri: ranar jarrabawar tuƙi, mai jarrabawa yakan zaunar da ɗalibi ya yi ta yi masa tambayoyi baki da baki kafin a taɓa jirgi, wanda kuwa ya kasa a nan ba za a ko tashi da shi ba. A Turai fannoni 13 ne, kowanne da takardarsa, ana cin kowace da kashi 75 cikin 100: dokokin sama, da sanin gangar jirgi da injinsa, da na'urorinsa, da lissafin nauyi da daidaito, da iyakar ƙarfin jirgi, da tsara tafiya, da sanin halittar ɗan Adam da rauninsa, da ilmin yanayi, da fannoni biyu na gane hanya, da ƙa'idojin aiki, da hikimar tashi, da maganar rediyo. Wanda ya zo da lasisin tuƙi na ƙashin kai yana neman na sana'a, ba za a karɓi ƙasa da awa 250 na darasi daga gare shi ba. An kuma kewaye jarrabawar da iyakoki masu tsanani: wata 18 aka bayar a gama duka, ana ƙirgawa daga ƙarshen watan da aka fara zama, zama 6 kaɗai aka yarda, takarda ɗaya kuma ba a gwada ta fiye da sau 4. Wanda ya ƙetare ɗaya daga cikin waɗannan haddodi, duk takardun da ya riga ya ci sun rushe, sai ya koma farko. Makarantar kirki takan raba fannonin gida biyu ko uku bisa ga dangantakarsu, ta kuma hana ɗalibi zama in ta ga bai nuna ba. Wadda ke tura kowa ɗakin jarrabawa da zarar ya nema, zamansa take ɓarnatar masa, shi kuwa ba zai farga ba sai ya ga saura ɗaya.

Akwai kuma wata mararraba a tsarin Turai wadda ya kamata makaranta ta bayyana wa ɗalibi tun ranar farko. Bayan jarrabawar lasisin sana'a akwai ta babban lasisin sufuri, wadda fannoninta suka fi zurfi, sa'o'in darasinta suka ninka na farko har da ɗori. Wanda ya ci babbar ta wadatar masa da ƙaramar, amma wanda ya ci ƙaramar, ranar da ya so hawa manyan jiragen da matuƙa biyu ke tuƙawa, irin waɗanda ke zuwa cikin teku, tilas ya koma aji ya sake zama. Mai nufin feshin gona ko ɗaukar hoto ko yawo da baƙi, ƙaramar ta ishe shi. Mai hangen aikin teku kuwa, a ganina gara ya ɗauki wahalar gaba ɗaya tun yana cikin zafin karatu.

Sai mu zo ga malami, wanda a wurina shi ne jigon al'amarin duka. Masu koyon tuƙin helikwafta 'yan kaɗan ne in an gwada su da masu koyon jirgi mai fukafukai, saboda haka makarantu da yawa sukan tara su a aji ɗaya, su karantar da matanin da aka rubuta don mai fukafukai, sa'an nan su liƙa wa na helikwafta 'yan shafuka a ƙarshe. A fanni irin na yanayi ko na dokoki wannan ba laifi ba ne, domin hadari ba ya tambayar irin jirgin da ya shige shi. Amma a fannin hikimar tashi da na gangar jirgi da na iyakar ƙarfinsa, haɗa su zalunci ne, domin halittun biyu ba su tashi da dalili ɗaya. Farfelar helikwafta fiffike ne mai juyawa. Idan jirgin yana tafiya gaba, reshen da ke fuskantar iska yana samun gudu fiye da wanda ke komawa baya, don haka gefe ɗaya yana ɗagawa fiye da ɗaya, abin da ya yi ta kifar da jiragen farko har sai da Juan de la Cierva, mutumin Sifaniya, ya sa wa rassan mahaɗin da ke barinsu su yi sama da ƙasa, jirginsa ya tashi lafiya a 1923, shekara 16 kafin Igor Sikorsky ya tashi da nasa VS-300 a 1939. Daga wannan asali ne iyakar gudun helikwafta ta fito, domin in gudu ya yi yawa reshen da ke komawa baya yakan kasa ɗagawa. Haka kuma idan inji ya mutu a sama, jirgin ba ya faɗowa kamar yadda jama'a ke zato, muddin matuƙi ya saukar da sandar hannun hagu nan take, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela har a dira; sai dai a ƙaramin jirgi irin Robinson R22, wanda ɗalibai da yawa ke koyo da shi, farfelar ba ta da nauyin da zai riƙe juyawarta, lokacin da matuƙi yake da shi bai wuce sakan ɗaya ko biyu ba. Akwai kuma halin da jirgi ke nutsewa cikin iskar da shi kansa ya tunkuɗa ƙasa, idan ya sauko a tsaye da sauri, inda ƙara ƙarfi, wanda shi ne abin da zuciya ke umartar mutum da shi, yake ƙara nutsar da shi.

Mafi tsanani daga cikin waɗannan shi ne abin da kan sami jirage masu farfela mai rassa biyu idan matuƙi ya tura sandar tsakiya gaba da gaggawa: nauyin jirgi yakan sauka daga kan farfela na ɗan lokaci, jirgin ya karkata, in kuma aka yi saurin gyara shi ta gefe sai gindin farfela ya doki sandar da ke ɗauke da ita, ta karye a sama. Tura sanda gaba kuwa ɗabi'a ce da ake dasa wa matuƙin jirgi mai fukafukai don ya tsira da ransa. Kamfanin Robinson da kansa ya fitar da takardar gargaɗi a kan haɗarin da ke tattare da matuƙan masu fukafukai idan suka koma helikwafta, hukumar FAA kuma ta kafa wata ƙa'ida ta musamman a 1995 a kan horon masu tuƙa R22 da R44. To, ina malamin da bai taɓa riƙe waɗannan sanduna ba zai sami zafin zuciyar da zai cusa wa ɗalibi wannan bahasi har ya zauna masa a jiki? Yana iya karanta matanin daidai, amma sharhin da ke fitowa daga wanda ya taɓa jin jirgi yana nutsewa a ƙarƙashinsa daban ne. Don haka mai neman makaranta ya tambayi sunan wanda zai karantar da waɗannan fannoni uku, da irin jiragen da ya tuƙa ko ya gyara, ya nemi a nuna masa littafin ya buɗa da hannunsa, ya kuma roƙi a bar shi ya zauna darasi ɗaya a bayan aji. Makarantar da ta amince da kanta ba ta ƙin wannan.

Wata fitina ta zamani ita ce taskokin tambayoyi da ke intanet, inda aka tara dubban tambayoyi masu kama da na jarrabawa tare da amsoshinsu. Suna da amfani wajen muraja'a da gano inda mutum yake da rauni, ban kuwa ga laifin wanda ya yi aiki da su bayan ya karanta ba. Abin da nake ƙi shi ne makarantar da ta mai da su su ne karatun, tana fitar da ɗalibai masu hadda babu fahimta, tana kuma alfahari da yawan makinsu. A ɗauki fannin ƙarfin jirgi a ga inda hadda ke tsayawa. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano yana bisa kimanin ƙafa 1,560 daga doron teku. Ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne zafi digiri 15 a bakin teku, yana raguwa kimanin digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, watau Kano ta kamata ta kasance wajen digiri 12. Da rana tsaka a watan Afrilu kuwa zafi yakan kai 40. Rarar digiri 28 ke nan, kowane digiri kuma daidai yake da ƙarin ƙafa 120, saboda iska mai zafi ba ta da kauri. In an haɗa lissafi, jirgin da ke ajiye a Kano, injinsa da farfelarsa suna aiki ne tamkar yana kusan ƙafa 5,000 a sama, kayan da ya ɗauka cikin sauƙi da asubahin hunturu yana iya gagararsa da azahar ɗin bazara. Ɗalibin da ya fahimci dalilin zai yi wannan lissafi a Agadas ko Maiduguri ko Jos ba tare da an umarce shi ba, wanda ya haddace amsa kuwa yana jiran a kawo masa zaɓi huɗu ne.

Haka fannin sanin halittar ɗan Adam, wanda ɗalibai suka fi rainawa don suna ganinsa mai sauƙi. A can cikin kunne Allah ya halitta wa mutum gaɓar da ke sanar da shi tsayuwarsa da karkatarsa, amma da taimakon ido take aiki. Idan ido ya daina ganin ƙasa da inda sama ta haɗu da ita, cikin ɗan lokaci kaɗan gaɓar nan takan yi wa mutum ƙarya, ya ji yana daidai alhali ya karkata. Ranar 9 ga Fabrairu 2024, jirgin da ke ɗauke da Herbert Wigwe, shugaban rukunin bankin Access, ya faɗi da dare a hamadar Kalifoniya, mutum 6 suka rasu. Hukumar binciken Amurka ta danganta abin da ci gaban da matuƙi ya yi da tuƙin ganin ido bayan ya shiga yanayin da sai da na'ura ake tuƙi, har ya rasa gane sama da ƙasa. A gida kuma, ranar 2 ga Fabrairu 2019, jirgin da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife wajen sauka a Kabba ta jihar Kogi, bayan farfela ta tayar da ƙurar da ta rufe wa matuƙa gani. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Wanda zai yi aiki a ƙasarmu ta hazo da rairayi, wannan babi a gare shi farilla ne, kuma yana da kyau ya lura ko malaminsa yana buɗa rahotannin haɗurra a aji yana bin su dalla-dalla, ko kuwa wucewa yake yi.

Game da zama a aji ko karatu daga nesa, kowanne yana da mutanensa. Tsarin Turai ya halatta na nesa, bisa sharaɗin a yi aƙalla kashi 10 cikin 100 na darasin tare da malami. Ya fi araha, yana kuma barin mutum ya ci gaba da neman abincinsa, amma yana bukatar mai iya tsare kansa kullum ba tare da mai tsawatarwa ba, da wutar lantarki da intanet da za a dogara da su, da malamin da ke amsa tambaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya daɗe da barin lissafi, ko Turancinsa bai zauna ba, aji ya fi masa, domin fannin gane hanya cike yake da kusurwoyi da lissafin iska, ga kuma Turancin rediyo wanda ICAO ta kasa shi daraja 6, ba a karɓar ƙasa da ta 4 ga mai ƙetare iyakokin ƙasashe.

Abu biyu kuma suna gaban biyan kuɗi. Na farko gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, a wurin likitan da hukumar ta amince da shi, saboda akwai larurorin da mutum kan rayu da su bai sani ba, kamar rashin bambance ja da kore ko wani rauni a zuciya, waɗanda kan iya tsayar da maganar lasisin sana'a. Gano su bayan an ci fannoni 13 baƙin ciki ne wanda awon yini ɗaya ya isa ya kawar. Na biyu, kada a zuba kuɗi gaba ɗaya, kome rangwamen da aka yi alkawari. A watan Fabrairu 2008 makarantar Silver State Helicopters, mai hedkwata a jihar Nebada ta Amurka, ta rufe ƙofofinta farat ɗaya, ta bar ɗalibai fiye da 2,000, da yawansu sun ci bashin kimanin dala 70,000 an biya ta tun farko, ga bashi a wuya ga babu lasisi. A biya kashi-kashi, a kuma sa a rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa: littattafai, da makonnin muraja'a, da kuɗin jarrabawa wanda galibi hukuma ake biya daban, da abin da za a mayar in ɗalibi ya janye. Idan makaranta ta faɗi yawan ɗalibanta da ke cin jarrabawa, a tambaye ta na helikwafta nawa ne a ciki, nawa ne kuma suka ci a zaman farko, sa'an nan a nemi tsofaffin ɗalibai waɗanda ba ita ta zaɓo su ba a ji daga bakinsu.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi shafar wanda kuɗinsa ke zuwa da kaɗan-kaɗan, daga albashi ko amfanin gona ko gudummawar dangi. A tsarin Turai jarrabawar da aka kammala tana aiki wata 36 ne kaɗai domin karɓar lasisin sana'a, wanda ya bi hanyar mataki-mataki kuwa, wato ya fara da lasisin ƙashin kai, sai ya tara awa 155 kafin ya fara horon sana'a a sama, ya cika awa 185 kafin a ba shi lasisi. In ya yi gaggawar gama aji yana da awa 50 kacal a littafin tuƙinsa, sa'an nan kuɗi suka yanke, wa'adin na iya cika yana nan bai kai ba, takardun su mutu a hannunsa. Saboda haka kafin ya rubuta takardar ƙarshe, ya zauna da shugaban malaman makarantar da alƙalami, su ƙirga sa'o'in da suka rage masa, da kuɗin kowace awa, da abin da yake iya samu a wata, su ga ko lissafin ya shiga cikin shekara uku.